A sayi furosesa yanzu ko a jira? Tambayar da ta raba uba da ɗa a Dawanau

Duk wanda ya taɓa wuni a kasuwar hatsi ta Dawanau ya san tambayar da ta fi kowace yawo a bakin mutane: a saya yanzu, ko a jira? A sari masara da kaka a zuba a sito, ko a dakata har manoma su matsu su fito da sauran? A saki riɗi yau, ko a riƙe har masu fitarwa waje su ƙara kuɗi? Tun tsakiyar shekarun 1980 da aka kafa kasuwar a bakin titin Katsina, cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, wannan tambaya ta gina wa wasu gidaje, ta sa wasu sun sayar da nasu.

A kakar bana sai ga ta ta zo mini ta ƙofar da ban zata ba. Ɗan yayana ne ya kira ni bayan Isha.

"Baffa, furosesa nake son canzawa. Baba ya ce in jira. Kai me ka gani?"

Yaron yana da ɗan shagon kwamfuta a gefen kasuwar. Shi ke buga wa 'yan kasuwa webil da rasit da takardar yarjejeniya, ya tsara wa masu tara riɗi da zoɓo lissafin buhunansu, ya buga katin biki, ya duba wa yaran ƙauyukan kewaye sakamakon jarrabawa. Kwamfuta ɗaya ce da firinta ɗaya ke riƙe da shi da iyalinsa. Kwamfutar kuma ta fara nauyi. In ya kunna ta da safe, har ya share shago ya sha kunu ba ta gama farkawa ba. Direban tirela na tsaye a kansa yana jiran webil, ita kuwa tana ta tunani.

Wani mai gyara ya leƙa ya ce masa furosesan ne ya tsufa. Ya tara wasu kuɗi, yana fatan mahaifinsa ya cika masa daga cinikin riɗi. Shi kuwa Yaya, wanda ya shekara fiye da ashirin yana sayen hatsi, hujjarsa ba ta banza ba ce: dala ta ɗan lafa, kayan abinci sun sauko, don haka komai zai biyo baya. Wanda ya yi gaggawa shi zai saya da tsada.

Inda lissafin hatsi ya daina aiki

Yaya yana da gaskiya a wuri ɗaya. Furosesa ba ya ƙara daraja da ajiya. Duk shekara Intel da AMD, kamfanoni biyun Amurka da ke riƙe da wannan kasuwa, suna fito da sabo, na bara ya sauko. A kuɗin dala, mai jira kusan kullum shi ke da riba.

Sai dai ba da dala muke cin abinci ba. Ga misali da za a iya lissafawa a bayan kwalin sigari. A watan Agustan 2021 AMD ta fitar da Ryzen 5 5600G a kan dala 259. A lokacin 'yan canji a Wapa suna sayar da dala wajen naira 520, wato kusan naira dubu 135 ke nan. Zuwa 2024 wannan furosesa bai wuce dala 140 ba a manyan shagunan Amurka. Ya faɗi da kusan rabi. Amma dala ta kai naira 1,600 a ƙarshen shekarar, don haka kuɗinsa ya zama wajen naira dubu 224, ban da jigila da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mutumin Amurka da ya jira shekara uku ya ci riba. Mutumin Dawanau da ya yi irin wannan jiran ya biya ƙarin kusan dubu casa'in a kan kayan da ya tsufa da shekara uku.

Abin da ya faru a tsakani kowa ya sha shi a jikinsa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dala da ke wajen 750 a hannun 'yan canji ta doshi 1,900 a Fabrairun 2024, ta rikito zuwa kusan 1,100 a Afrilu, sannan ta sake hawa. Wanda ya sayi kayan kwamfuta a Fabrairun nan ya yi kuka, wanda ya saya a Afrilu ya yi dariya, wanda ya ce bari ta ƙara sauka kuwa ya yi jiran gawon shanu. A 2025 ta ɗan natsu, ta ƙare shekarar a ƙasa da 1,500. Wannan natsuwar ce Yaya ke kallo.

Akwai kuma abin da duk mai sayayya a Kano ya sani: in dala ta hau da safe, kafin la'asar an canza farashi a Farm Centre. In ta sauka, sai a ce maka tsohon kaya ne, da tsada aka saro shi. Ba zalunci ba ne kawai, ɗan kasuwar hatsi ma haka yake yi. Amma yana nufin ribar jira takan iso a makare, kuma a gutsure.

Kafin a yi maganar kuɗi, shi ne ma ke ciwo?

Washegari na je shagon. Don Yaya ya bi maganar, na kwatanta masa da abin da ya sani.

Furosesa shi ne malamin lissafin da ke zaune a bakin sikeli. Ram shi ne filin gaban shago, inda ake jere buhunan da ake aiki a kansu yanzu. Faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had dis, shi ne sito. In siton yana da nisa, ɗan dako ɗaya ne kuma ke kai da kawowa, ko wane irin gwanin lissafi ka ɗauko zai wuni ne yana hamma. Ka kore shi ka kawo wanda ya fi shi, layin bai ragu ba.

Gano mai laifin ba ya bukatar ko kwabo. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A bar shi a buɗe a ci gaba da aikin yau da kullum, ana kallon wanda ke cika ɗari bisa ɗari. A kwamfutar yaron, furosesan, Core i5-6500, bai ko kai rabin ƙarfinsa ba. Had dis ɗin ne ke maƙale a ɗari, tun daga kunnawa. Tsohon faifai ne mai juyawa, irin wanda ake jin ƙararsa in an kasa kunne.

Da muka buɗe akwatin kuma, abin da ke ciki ya isa a yi shuka. Shago a Dawanau ba ofis ba ne a Nasarawa. Ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayin da iska ke kwasowa daga wurin masu sheƙa da casa, ga ta tireloli. Duk sun taru sun toshe fanka. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe ya zama kamar alli. Furosesa kuwa in ya ji zafi ya yi yawa, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40, a ƙarƙashin rufin kwano, kwamfuta mai ƙura rabin kwamfuta ce.

Ba na cewa mai gyaran ya yi nufin cuta. Amma na lura "furosesa" ta zama kalmar da ake jefa wa duk wata kwamfuta mai nauyi, kamar yadda kowane zazzaɓi a ƙauye yake zama shawara.

Tarkon da ya kusa faɗawa

Abin da yaron ya shirya yi shi ne ya sayi Core i5-8500 ya ɗora a gurbin tsohon. A takarda shawara ce mai kyau. Lambar farko bayan i5 ita ke nuna zuriya, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan: 6500 na shida ne, 8500 na takwas. Na shidan yana da ƙwayoyin aiki huɗu, na takwas ɗin shida.

Matsalar ita ce ba zai tashi ba. Intel ta yi wa zuriya ta shida da ta bakwai gurbi mai suna LGA1151, ta kuma yi wa ta takwas da ta tara gurbi mai wannan sunan, mai yawan fil iri ɗaya. Furosesan zai zauna daram kamar don wurin aka yi shi. Amma madabod ɗin, wato babban allon da komai ke zaune a kansa, dole ne ya zama na sabon jerin. A kan tsohon allo, sai dai fanka ta juya allon kallo ya tsaya baƙi. Da ya saya, da sai ya koma Tarauni daga Dawanau, ya ratsa Kano gaba ɗaya, ya fara roƙon a karɓi kayan da aka riga aka ɓare.

Wannan ne abin da masu tambayar "in saya ko in jira" suka fi mantawa: da wuya a sayi furosesa shi kaɗai. Sababbin na AMD, tun daga gurbin AM5 da ya fito a Satumban 2022, ba sa karɓar ram sai DDR5. Haka Core Ultra na kwamfutar tebur da Intel ta fitar a Oktoban 2024, sabon gurbi ne, kuma DDR5 kaɗai. Wanda ya ce zai sayi na yayi, kaya uku zai saya: furosesa, madabod, da ram.

Masu laftof kuwa su huta da wannan tunanin. Fiye da shekara goma ke nan da aka koma liƙe furosesan laftof a jikin allo da dalma. Ba ya cirewa. Tambayarku ita ce a canza laftof ɗin ko a bar ta.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa da babbar murya a kasuwar tokumbo: "i7" ba sarauta ba ce. Core i7 na zuriya ta uku, na 2012, ba ya kamo ƙafar Core i3 na zuriya ta 12. In mai shago ya ce maka "i7 ce", tambaye shi ta wace shekara.

Ram, wanda ya ɓata lissafin kowa

A da, ram shi ne mai araha a cikin ukun. A 2025 ya zama shi ne abin tsoro.

Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan ram na duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Manyan cibiyoyin da ake ginawa don ƙirƙirarriyar basira suna haɗiye ram kamar yadda masu kamfanin abincin kaji ke haɗiye masara, kuma suna biyan kuɗin da ɗan shago ba zai iya ba. Sai masana'antun suka karkata can. Suka fara janye hannu daga tsohon nau'in DDR4, farashinsa ya tashi tun tsakiyar shekara. Daga wajen Oktoba na DDR5 ma ya bi, a wurare da dama ya ninka har ya wuce. A watan Disamba Micron ta sanar cewa za ta daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kaya da sunan Crucial, sunan da duk mai haɗa kwamfuta ya sani. SSD ma, da yake daga irin waɗannan masana'antun yake fitowa, ya fara bin sahu.

Ɗan Dawanau ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. In manyan masu saye suka shigo kasuwa da tireloli, mai sayen tiya biyu ba ya cewa bari in jira mako mai zuwa. Bambancin shi ne hatsi yana da kaka. Damina ɗaya mai kyau ta isa ta karya farashi. Masana'antar ram kuwa shekaru ake yi ana gina ta. Mun ga irin haka a 2020 zuwa 2022, lokacin annobar korona, da ƙarancin waɗannan 'yan ƙananan na'urori ya tsayar har da kamfanonin motoci, kuma bai warware a wata uku ko shida ba.

Don haka ko da furosesa ya sauko da dala ashirin a watanni masu zuwa, ram na iya cinye ashirin ɗin ya nemi ƙari. A ganina, wanda ya san zai bukaci ram ko SSD a cikin shekarar nan, jira ba abokinsa ba ne.

Ranar da Microsoft ta ja layi

Akwai dalili ɗaya na gaske da ya sa furosesan yaron ya tsufa, kuma ba shi da alaƙa da gudu. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da ta saba turowa. Windows 11 kuma, a ƙa'idarsu, ba ta hawa sai kan Intel na zuriya ta takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da wata na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0. Core i5-6500 yana ƙasan layin.

Kwamfutar ba ta mutu ran 15 ga wata ba. Har yau akwai shagunan da ke kan Windows 7 a Kano, suna kuma buga takardu lafiya. Akwai masu gyaran da za su ɗora maka Windows 11 ta bayan gida a kan tsohuwar na'ura, ta kuma yi aiki, sai dai Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da kula da ita ba. Ga wanda ke kallon fim da buga wasiƙa, wannan duk ba abin tayar da hankali ba ne.

Amma shagon yaron nan, lambobin NIN da BVN na mutane ke ratsa shi. Kowane kwastoma da filashinsa, kowane filashi da abin da ya kwaso. Manyan 'yan kasuwa suna ba shi lissafin miliyoyinsu ya tsara. Amanar mutane ce a cikin akwatin, kuma ƙofar da aka daina gyara wa sakata wata rana za a tura ta.

Microsoft ta bar wata kafa: ɗaiɗaikun masu amfani za su iya shiga shirin ƙarin shekara guda na gyaran tsaro, har zuwa 13 ga Oktoban 2026, ko dai da dala 30 ko kyauta ta hanyar haɗa kwamfutar da asusun Microsoft. Ga mai neman ranar da jira zai ƙare, ga ta nan an rubuta.

Wannan layin yana da wani tasiri da zai iso kasuwanninmu. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne za su iya zama shara saboda wannan sauyi. Mun san inda shara irin wannan take ƙarewa. Ofisoshin Turai da Amurka za su zubar, kwantena za ta sauke a Legas, daga Computer Village ta Ikeja kaya su hau mota zuwa Kano. Za a ga kwamfutoci masu kyan gani, masu tsabta, a farashi mai daɗi, da yawansu na zuriya ta shida da ta bakwai. Ga makarantar da ke koya wa yara buga rubutu, ganima ce. Ga mai gudun matsalar Windows, ya sayi abin da yake gudu ne da kuɗinsa.

Na yayi ma yana da nasa

Wasu kuma jiransu na sabon da za a fitar ne. Kullum akwai wani yana tafe, kuma kullum masu bidiyo a YouTube za su ce shi ne ƙarshe.

Abin da ya faru a 2024 ya isa darasi. Masu manyan furosesan Intel na zuriya ta 13 da ta 14 sun yi watanni suna kukan kwamfutocinsu na tsayawa haka kawai. A watan Yuli kamfanin ya amsa cewa wutar da ke shiga furosesan tana wuce kima, a watan Agusta kuma ya fitar da gyara, ya ƙara shekara biyu a kan garanti. Wanda ya riga ya lalace kuwa gyaran ba ya dawo da shi, sai dai a canza. Mutumin Jamus zai saka nasa a ambulan ya aika. Mutumin Dawanau garantinsa yakan ƙare ne a ƙofar shagon da ya saya, in an yi masa kirki a ba shi mako guda na gwaji. Kuma irin waɗannan da suka sha wuya a can, ba abin da zai hana su shigo cikin tokumbo.

Ga kuma wuta. Babban furosesa irin Core i9-13900K yana iya jan wat 253 in ya ɗau zafi. Ryzen 5 5600G da Core i5-12400 an tsara su ne a kan wat 65, kuma dukansu suna fitar da hoto da kansu ba sai an sayi katin hoto daban ba. Ga wanda ke kan sola da batir biyu, ko ƙaramin janareta, wannan bambancin shi ne tsakanin aiki har Magariba da rufe shago da la'asar. Fetur da ke ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023 ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. Masu layin Band A kuma an mayar musu da yunit daga naira 68 zuwa 225 a Afrilun 2024. Kuɗin furosesa sau ɗaya ake biya, na cinsa kullum.

Shi ya sa ga mafi yawan masu sana'a a nan, na shekara biyu ko uku baya ya fi. An gama gano aibinsa, masu gyara sun san shi, kayan haɗinsa suna kasuwa. Wanda ke da allon AMD mai gurbin AM4 ma ya fi kowa sa'a: gurbin ya fito tun 2016, kuma allo da yawa na farkon zamanin Ryzen suna karɓar jerin 5000 in an sabunta musu bayos. Wannan shi ne kusan wuri ɗaya da mutum zai sayi furosesa shi kaɗai, ya ɗora, ya ga canji na gaske, ram ɗinsa na nan.

Kuɗin da jira ke ci

A nan ne muka fi daɗewa da Yaya, don a nan ne hatsi da kwamfuta suka rabu. Buhun da ke sito yana jira ne kawai. Ko ya yi asara, ba ya hana ka cinikin yau. Kwamfutar shago kuwa kamar jakin ɗan dako ce, ko injin niƙa. Duk ranar da ta yi ɗingishi, a aljihunka ake cirewa.

Na ce wa yaron ya ƙirga. Mutum nawa ne ke juyawa su tafi shagon gaba a rana saboda layi? Minti nawa janareta ke ci yana jiran kwamfuta ta buɗe takarda? A ninka da kwana talatin. In abin da ya fita ya fi ragin da ake fatan samu bayan wata shida, an gama magana. Kuma aikin Dawanau ba shimfiɗe yake daidai a shekara ba. Daga shigowar riɗi zuwa ƙarshen zoɓo, nan ne ake samun abin da za a ci har damina. Wanda ya jira farashi ya sauka a watan Yuni, ya sami kwamfuta mai gudu lokacin da ba mai jiran webil. Ga kuma shekarar siyasa na ƙaratowa, zaɓen 2027 na tafe, kuma duk mai firinta ya san me fastoci ke nufi.

Don haka ga yadda nake gani. Wanda ya duba ya ga furosesansa ne ke cika ɗari kullum, kamar masu haɗa bidiyon biki da masu zana manyan banoni a CorelDraw, kuma da aikin yake ci, ya saya yanzu, ya sayi na baya kaɗan wanda zai karɓi ram ɗin da yake da shi. Wanda kwamfutarsa ke yi masa aiki, sha'awa ce kawai ke ɗawainiya da shi, ya riƙe kuɗinsa; wannan ba shekarar haɗa sabuwar kwamfuta don nishaɗi ba ce.

Shi kuma Yaya, ban so in taɓo masa ba, amma ɗansa ya taɓo. A farkon 2024 hatsi ya yi tsadar da har hukumar yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu sito-sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. A Yulin shekarar Gwamnatin Tarayya ta janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. Da kaka ta zo, mutane da yawa suka sari masara suka ajiye, suna jiran ta maimaita abin da ta yi bara. A 2025 sai ta yi ƙasa. Yaya na cikin waɗanda suka buɗe sito suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ai wannan daban ne.

Abin da aka yi

Ba a sayi furosesa ba. A ranar yaron ya shiga gari ya sayo SSD mai gigabait 256 da ɗan bututun man sanyaya, kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya tara ba. Aka busa ƙurar, aka shafa sabon mai, aka juye Windows a kan SSD ɗin, tsohon faifan ya koma ma'ajiyar hotuna. Kwamfutar da ke cin kunu kafin ta farka yanzu ba ta kai rabin minti. Aka kuma yi mata rajistar ƙarin shekarar nan.

Sauran kuɗin an ware su don akwati guda na tokumbo, na zuriya ta takwas ko sama, irin su Dell OptiPlex 7060 ko HP EliteDesk 800 G4 da ofisoshi ke saki. Sau da yawa akwatin gaba ɗaya ya fi sauƙi a kan a bi furosesa da madabod ɗai-ɗai. Ram ɗinsa DDR4 ne, zai ƙaura tare da SSD ɗin. Sharaɗin da na gindaya masa biyu ne: kada ya biya sai an kunna a gabansa ya karanta lambar furosesan a cikin Windows da idonsa, ba a jikin sitika ba, kuma kada ya wuce Babbar Sallah bai saya ba, ko dala ta sauka ko ba ta sauka ba.

Abin da ba a daidaita ba shi ne inda kuɗin za su zauna kafin lokacin. Yaya ya ce a ba shi ya sayi wake da su, kafin azumi ya ga abin da zai gani. Yaron ya ce a asusunsa za su kwana. Da na baro su, Yaya yana lissafa masa farashin buhu a bara waccan, shi kuma yana buga wa wani direban Maraɗi webil, bai ɗago kai ba.